Na Aika Hoton Kayan Baba, Wana Ya Zauna Makoki

Malam, don Allah ka taimake ni, kaina ya ɗaure.

Ni malamin makaranta ne a Tambuwal. Shekarar samun mulkin kai na sayi tsohon akwatin ɗaukar hoto. Da yake mutane ba su iya tsayawa cik, sai na koma ɗaukar kaya: buta, goro, ƙwarya. Kayan aiki babu. Turmi nake kifewa in ɗora akwatin, in shimfiɗa ƙyalle a tebur bakin taga, in jingina madubin matata ya jefo haske. Maƙwabta na cewa boko ya taɓa ni, ban damu ba.

Ina da wa, Namadi. Shekara goma sha ɗaya ke nan da suka yi faɗa da Baba kan gona, ya tafi Kumasi bai sake waiwayo gida ba. Ni kaɗai yake rubuta wa. Kwanan baya ya ce in aika masa hoton tsohon. Na hau keke har garinmu Kebbe, Baba ya ce ba mai sa fuskarsa a takarda. Sai dabara ta zo mini, wai ni mai wayo. Yana barcin rana na ɗauko hularsa, sandarsa, tasbaha da takalma, na jera su a kan farin alawayyo na ɗauka. Wallahi ya yi kyau, har 'ya'yan tasbahar ana gani ɗaya-ɗaya. Da aka wanko daga Sakkwato na aika ta gidan waya. Ko kalma ban rubuta ba, a ganina hoton ya isa.

Jiya amsa ta zo. Namadi ya ga kaya a farin ƙyalle ba mai su, ya ɗauka Baba ya rasu. Ya yi sadaka, ya karɓi gaisuwa kwana uku. Shafi huɗu ya rubuto, yana cewa laifin nasa ne, ya daɗe yana son dawowa kunya ta hana shi. Yana nan tafe bayan salla ya ga kabari.

Baba kuwa garau yake, bai san komai ba. In na faɗi gaskiya, ina tsoron kunyar ta dawo Namadi ya fasa zuwa. In na yi shiru, na binne ubana da ransa. Matata ta ce in yi shiru har ya iso. Ni ko abinci ba ya shiga. Yaya zan yi?

Mai Akwatin Hoto, Tambuwal

Ɗan'uwa,

Na yi dariya, daga baya kuma ka ba ni tausayi. Kai kyau ka gani a farin ƙyallen nan, Namadi kuwa likkafani ya gani, kuma duk Bahaushen da ke nesa da gida haka zai gani. Daga yau ka riƙa rubutu a bayan kowane hoto.

Matarka ba mugunta take nufi ba, so take ɗa da uba su haɗu. Amma ka tuna ranar isowarsa. Mutum ya keto ƙasa biyu yana kuka, ya tarar da mamaci a kan tabarma yana shan fura, ya gane ka sani ka ƙyale. Ba zai sake yarda da kai ba, kuma kai kaɗai ka rage masa.

Gobe ka je gidan waya ka buga masa telgiram: Baba yana da rai, kuskurena ne, ka taho. Amma kada ka tsaya jiran amsa. Ka koma Kebbe, ka faɗa wa tsohon abin da ka yi, ka haɗiye faɗan da zai yi maka, ka cancanta. In ya huce, ka karanta masa shafi huɗun nan, kada ka tsallake layi ko ɗaya. Abin da ya ce, ka rubuta wa Namadi yadda ya faɗa. Ban yi maka alkawarin zai zo ba. Amma iyaye kaɗan ne ke jin irin wannan magana daga bakin 'ya'yansu tun suna da kunnen ji, kada ka hana naka.

Allah ya haɗa ku da alheri.