Motar Kara Babu Taya

Laraba da dare, Roni

Yau na kwaso kara daga gonar Yaya Habu, zuwana na farko tun da muka binne shi. Da yamma sai ga ni zaune a tsakar gida da reza, ina feƙe kara, ni da furfura a gemu! Rabona da motar kara tun muna firamare, amma hannu bai manta ba. Na yi bodi, na yi ƙofa, har da wurin ɗora kaya irin na motocin kasuwar Kazaure. Wallahi har dariya na yi ni kaɗai.

Da na zo kan taya sai na tsaya. Ashe ban taɓa yanka taya ba. Kullum ni ke haɗa bodi, shi yake yanko tayoyi daga tsohon silifa. Na gwada, duk suka fito a karkace.

Inna ta fito alwala, ta leƙa ta ce, "Kai dai ba ka iya ba, bari yayanka ya zo ya..." Sai ta yi shiru, ta ajiye butar, ta koma ɗaki.

Motar tana nan gefen katifata, kwance a kan cikinta. Na kasa yar da ita, na kasa ƙarasa ta.