Kofinka Yana Ƙarƙashin Yoyo

Auta,

Na wuce ajinmu, ban tashe ka ba. Jiya na saurare ka tsaf: bincikenka kan ambaliya ya zo na ɗaya, ka ci gasar gudu, ka yashe kwatocin unguwannin mutane. Allah ya ƙara basira.

Da asuba an yi ruwa, kwatarmu ta toshe, ruwan ya zo har ƙofar ɗakin kakarka. Ka yi haƙuri, kofin gasarka na ajiye a ƙarƙashin yoyon falo. Yana da zurfi, madalla.

Hadari ya sake haɗowa. Shebur yana bayan ƙofa, ka yashe kwatar kafin katifar tsohuwa ta jiƙe. Tunda ka ce hidimar jama'a sai da hoto, na bar mata wayata, na nuna mata inda za ta danna.

Mamanka