Lambar Mai Rumbun Iri

Zuwa ga ɗana na fari, can Abija ta bakin teku,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lahiya, kai da matarka Hadiza. Ka yi haƙuri da rubutun. Aji uku na yi a lakwal ɗin Barmu, na ukun ma a durƙushe na ƙare shi bakin ƙofa.

Jiya innarka tana kakkaɓe adaka ta ci karo da lambar nan. Ka tuna ta: ta gwangwani, mai zanen zangarniyar hatsi da hauya, da ɗan tsinke a baya. Ƙungiyar manoma ta maƙala mini ita ran da aka ba ni makullin rumbun iri, don kawai na iya gaida soja da Faransanci. Har masallaci nake zuwa da ita. Shekarar da fari ya dawo, ina ta ba mutane dariya, wai a duk Adar hatsin ƙirjina kaɗai ya yi.

A shekarar ka durƙusa gabana ka ce tiya guda ta hatsin rumbun kake roƙo, nonon Hadiza ya ƙafe, jaririya ko kuka ba ta iyawa. Na ɗora yatsa bisa lambar na ce iri ba a cin shi, in na buɗe maka na buɗe wa gari duka. Sannan bakin nan nawa ya ƙara da cewa ka dafa mata wannan na ƙirjina. Ba ka yi dariya ba.

Kwana tara tsakani muka kai jikata makwanci. Ni na ɗauke ta. Ba ta kai nauyin tiyar ba.

Ana gama zaman makoki kuka shiga mota, yau shekara biyar. Ruwa ya zo, aka shuka irin, gari ya ci. Har yanzu ana cewa ni na ceci Barmu, ni ko in washe haƙorana huɗu da suka rage.

Rumbun, ban sani ba ko na yi daidai. Wasan nan dai na san ban yi daidai ba.

Innarka ta ce bari ta jefar da lambar. Na ce ta aje, hannunka ya kamata ya jefar.

Ka san uba ba ya faɗin sunan ɗan fari. Shekara talatin ina ce maka "kai wane". Na riƙe ƙa'ida sau ɗaya a bakin rumbu, na ga abin da ta ci. Iliyasu, ka zo gida.

Allah ya jiƙan ƙaramar, ya tsare ku, ya sanyaya zuciyarka kahin a kira ni.

Ni ne babanka, mai bakin da ba ya jin magana.