Ranar da Suka Zura Dogo a Rijiya

Zuwa ga Babban Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan alhamdulillahi, ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta ajiye sanda. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san inda karatuna ya tsaya.

Abin da na gani ranar Talata da safe ne ya sa na ɗauki biro, don a waya muryata za ta tashi. Ina dawowa daga sayen burodi na hango taro a bayan sabon ginin nan, inda Baffa da mutanensa suke haƙa rijiya. Da na kutsa, sai ga Yaya Dogo an ɗaura masa igiya a ƙugu, ƙarti uku suna zura shi. Ko ihu bai yi ba. Ya ƙanƙame bakin rijiyar har farcensa biyu suka ɓalle, ido a buɗe amma ba ya ganin kowa, wandonsa ya jiƙe. Jama'a na ta dariya, wani har da ɗauka a waya. Baffa kuwa cewa yake a ɓamɓare masa hannu, wai haka suke yi wa duk mahaƙin da ƙasa ta taɓa rufewa, a mayar da shi rami da ƙarfi tsoron ya fita. Wallahi Yaya, har yanzu dariyar nan tana kunnena.

Ba ka nan lokacin da rijiya ta rufta da shi wata huɗu da suka wuce, awa biyar ƙasa har wuya. An ce maka ya fito ba karaya, kuma gaskiya ne. Amma tun ranar ba ya rufe ƙofar banɗaki, ba ya sa riga mai kama wuya. In aka yi yayyafi ƙasa ta yi ƙamshi, sai gumi ya keto masa, numfashi ya sarƙe. Na raka shi asibiti wajen wata likita mai duba irin wannan. Ta ce ba ragwanci ba ne, ba kuma iska ba, jikinsa ne har yanzu bai yarda an fito da shi ba. Duk Alhamis suna zama su yi magana, ta koya masa jan numfashi a hankali, ya dafa bango ya faɗi abubuwan da yake gani a gabansa. Cikin sati shida ya kai yana tura ƙofar ɗaki rabi. Ranar Lahadi ma ya tsaya taku goma daga rijiyar gidanmu, da ƙafarsa ya je, ba wanda ya ja shi.

Yanzu ko kofi ba ya iya riƙewa, a ƙofar gida yake wuni. Likitar ta ce za a iya sake farawa, in dai ba a kuma ba. To Baffa ya ce ranar Asabar za a kuma, tunda na Talata bai kai ƙasa ba, wai kai ma ka amince a waya. Na san lalaci ya ce maka Dogo yake yi. Na durƙusa na roƙe shi, ya ce yaushe mai sharar shago ya zama likita. Maganarka kaɗai yake ji, Yaya. Don Allah ka kira shi kafin Asabar.

Inna tana gaishe ka, matar Dogo ma, ka gaishe min da Anti da yara. Baffa zai ce na ƙara gishiri, to ba ni kaɗai na gani ba. Ka tambayi mai shayi, shi ya ajiye buta muka ja igiyar tare muka fito da Dogo. Ka tambayi mai gadin ginin. Ka kuma tambayi Tsoho, babban ma'aikacin Baffa, wanda ya riƙe bakin igiyar. Jiya ya tare ni a hanya ya ce shi ma haka aka yi masa shekara goma sha biyu da suka wuce, kuma har yau sai ya zagaya ya yi amai kafin ya sauka.

Ƙaninka,
Auta