Shanu Saba'in da Uku

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

Ɗantala ba shi da kunya. Ko shayi ban sha ba Kawu Mas'ud ya turo min bokal ɗin, saƙon muryar nan, da ke yawo a WhatsApp. Muryar wata mata ce, wai ta ga ana sauke buhunan madarar gari a ƙofar masana'antarmu ta Agiye, wai kindirmonmu na Sanyin Rai bai taɓa sanin hantsar saniya ba. Ba ta faɗi sunanta ba. To amma wa zai ci riba in muka faɗi, in ba Ɗantala mai kindirmon Gidan Rumji ba, wanda nasa kamar ruwan wankin ƙwarya yake?

Shekara biyu nake riƙe da shafin Kawu na Facebook. Na same shi da mabiya ɗari biyu, yau sun haura dubu tara. Amma har gobe in zai nuna ni ga baƙo sai ya ce, ga ɗiyar ƙanwata, mai danne-dannen waya. Yau da wuta ta kama ya tuna ina da amfani. Ya ce in kashe ta kafin masu shaguna su fara maido mana kaya.

Laraba, 9 ga Yuli

Shaguna uku a Gidan Rumji sun maido da kaya. Na wuni ina amsa wa mutane a komanter, wurin sharhin shafinmu. Wani da hoton zaki a madadin fuskarsa ya ce dama shi tun bara yake jin ɗanɗanon gwangwani. Kai da ko firigon sanyaya ruwa ba ka da shi a gidanku! Na rubuta masa haka, na goge. Haushi kamar in fasa wayar.

Alhamis, 10 ga Yuli

Na samo dabara. Gani ya kori ji. Zan je rugar Baffa Dikko, gabas da Gangara, wanda rabin nononmu daga hannunsa da na 'yan'uwansa yake fitowa, in ɗauko shanun a bidiyo ana tatsa. Malam Isma'ila, direban da ke ɗauko mana nono, ya ce in fara neman izinin Dikko. Na ce ai ba matarsa zan ɗauka ba, shanu ne. Ya shafa furfurar gemunsa ya koma kan jarkokinsa. Halin nan nasa na ba ni haushi.

Asabar, 12 ga Yuli

Mun je da sassafe. Ciyawa ta fito shar, shanun sun yi ƙiba, bidiyo ya fita kamar a talbijin. Dikko ya yarda in ɗauka. Da na tambaye shi shanu nawa ne a garken, sai ya ce alhamdulillahi. Na sake tambaya, ya ce suna nan yadda Allah ya bar su. Na juya ga matarsa, Goggo Jaye, ta yi dariya ta miƙo min ƙwaryar nono. Mutanen nan ba su san darajar lamba ba. A shafi, in ka ce shanu da yawa, ba wanda zai tsaya. In ka faɗi adadi, an yarda.

Da na dawo buro, ofishinmu, na riƙa tsayar da bidiyon ina ƙirgawa, sau uku. Saba'in da uku. Na rubuta da manyan baƙaƙe: Shanu saba'in da uku na Dikko, a rugarsa bayan tsamiya biyu gabas da Gangara. Mai shakka ya je ya ƙirga. Na saki da la'asar.

Lahadi, 13 ga Yuli

Dubu arba'in da ɗaya sun kalla! Ina Ɗantala? Ya zo ya sha kunya da ludayi.

Talata, 15 ga Yuli

Malam Isma'ila ya dawo daga Gangara da jarkoki wayam. Ko ɗigo. Ya ce Dikko ya ce daga yau babu, sauran rugagen kuma sun ce abin da Dikko ya faɗa shi suka faɗa. Na ce don me? Ya ce don na ƙirga.

Don na ƙirga! Na ɗauka wasa yake. Wai wani mai waya ne ya kunna wa Dikko bidiyon a kasuwa, ya karanta masa rubutun a gaban jama'a. Wai ba a ƙirga garken mutum a faɗa a fili, kambun baka ne, kuma ko tubarkalla ban sa ba. Wai washegari wata karsana ta yi ɓari. To ni ce na shiga cikinta? Shanu ba sa ɓari kafin a ƙirƙiro Facebook? Na ɗaga sunan mutum, duniya ta san shi, sakayyar ke nan.

Kawu ya shiga ɗakin dafa nono. Ya tsaya gaban manyan tukwanen da babu komai cikinsu, ya daɗe, ya fita.

Laraba, 16 ga Yuli

Ba mu kai kaya ko'ina ba yau. Mata shida masu aikin ɗurawa sun zauna ƙarƙashin dalbejiya har azahar, aka sallame su. Hasiya, babbarsu, ta wuce ni ba ta gaishe ni ba. Ita ma ta samu bakin magana.

A shafi kuma an juya min. Waɗanda shekaranjiya ke yabo su ne yau ke cewa yarinyar lakol, 'yar boko, ta tona asirin bawan Allah. Wata ta rubuta wai ilimin da bai san tubarkalla ba, jahilci ya fi shi. Na toshe ta. Na toshe mutum goma sha ɗaya, har yatsana ya gaji. Ɗantala kuwa ya sa hoton kindirmonsa da rubutu ƙarami: mu ba ma ƙirga arzikin mutane. Munafuki. Allah ya isa tsakanina da shi.

Juma'a, 18 ga Yuli

Kawu ya kira ni bayan masallaci. Ya ce yana da hanya biyu. Ko nonon Dikko ya dawo kafin ƙarshen wata, ko ya sayi madarar gari don kada ya rufe, ƙaryar Ɗantala ta zama gaskiya da hannunmu. Ya ce in aka kai ga ta biyu, ba ya bukatar mai kula da suna, don babu sunan da ya rage.

Na ce zan rubuta ban haƙuri a shafi, mai kyau, da Hausa da Faransanci. Ya kalle ni kamar bai taɓa ganina ba. Ya ce, "Saliha, Dikko na da Facebook?"

Na goge bidiyon. Aikin banza, yana cikin wayar kowa a WhatsApp. Magana zarar bunu ce, in ji Inna. Ita ma ta sa baki, kamar an tambaye ta.

Litinin, 21 ga Yuli

Malam Isma'ila ya zo da labarin da ban so ji ba. Wasu mutum biyu a kan moto, wato babur, ba wanda ya san su, sun tsaya kasuwar Gangara suna tambayar hanyar rugar mai saba'in da uku. Wai da sunan dillalai. Mai shayi ya nuna musu wata hanya daban, ya aika aka gaya wa Dikko. An kai wa jandarma rahoto. Shekaranjiya Dikko ya tashi da rugarsa gaba ɗaya, a tsakiyar damina, ya bar ciyawar nan da na ɗauka a bidiyo, ya bar 'yar gonar geron Jaye da ta kai gwiwa.

Bayan tsamiya biyu. Ni na rubuta wannan. Don a yarda da mu na rubuta, ba don wani abu ba.

Ban ci abincin rana ba. Zafi ne.

Talata, 22 ga Yuli

Ba zan je ba. In je in durƙusa gaban mutumin da ya ɗauka lissafi na kashe saniya?

Alhamis, 24 ga Yuli

Na je. Kawu ne ya matsa, kuma aikina nake karewa, kada wani ya ɗauka wani abu ne. Inna ta ɗaura min goro da sukari da ganyen shayi. Malam Isma'ila ya ce sharaɗinsa ɗaya, in bar wayata a Agiye. Kamar an cire min hannu.

Ba zan rubuta inda suka koma ba, ko a nan. Wuri ne mai tsakuwa, ruwa da nisa. Shanun sun faɗa, ko ni na gani. Dikko ya amsa sallama, ya sa aka shimfiɗa mana tabarma, ya tambayi lafiyar Kawu da ta gida da ta hanya, ya tashi ya bi garkensa. Ko kallon goron bai yi ba. Na zauna kamar kayan wanki. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi, na iya amsa zagi.

Goggo Jaye ce ta zauna da ni. Hausarta a karye take, tana ce min kai, amma ba abin da ban gane ba. Ta ce shanun da na ƙirga ba na Dikko ba ne duka. Akwai nata na gado, akwai na marayun ƙanensa, akwai na habbanaye, wato saniyar da ɗan'uwa ke ba ka aro ka riƙe har ta haifa maka. Nasa na kansa ba su taka kara sun karya ba. Amma tun da bidiyo ya fita, dangi na nesa ke ta zuwa neman aro wurin mai saba'in da uku. In ya hana, ya zama marowaci. In ya ce ba nawa ba ne, ya tona talaucinsa da bakinsa. Ya bayar da biyu cikin nasa don kunya.

Na fara bayani, na ce niyyata alheri ce, na ce mutum dubu arba'in. Ta bari na gama. Sannan ta ce, "Innarka, 'ya'ya nawa ya haifa?"

Ni tun ina ƙarama ban taɓa jin Inna ta faɗi adadinmu ba. In aka tambaye ta sai ta ce suna nan, masu albarka. Ranar da masu ƙidaya suka zo ma ɗaki ta shige ta bar su da Baba.

Jaye ta ce, "To in na hau kan tebur a kasuwar Agiye, na ƙirga su da ƙarfi, na nuna ƙofar gidanku, na ce mai shakka ya je ya gani?"

Sai na ce ta yafe min, ta roƙar min Baffa. Muryata ta fito wata iri, ƙila ƙurar hanya ce. Ta ɗauki goron ta kai bukka. Ba ta yi min alkawarin komai ba.

Asabar, 26 ga Yuli

Shiru. Kawu ya je Maraɗi tambayar madarar gari. Bai saya ba tukuna.

Na rubuta a shafi layi uku kawai: na faɗi abin da ba nawa ba ne in faɗa, na cutar da mutanen da ke ciyar da mu, duk mai bidiyon nan ya taimaka ya goge. Ban sa hoto ba. Mutum ɗari da 'yan kai suka taɓa shi. Rubutun zagi ya fi wannan kasuwa. Mai hoton zaki ya ce borin kunya ne. Na bar shi, ban da ƙarfinsa.

Laraba, 30 ga Yuli

Jarka huɗu. A da sha biyu ne. Malam Isma'ila ya ce na Jaye ne da na wasu mata biyu, nonon shanunsu na kansu, kuma nono dama hurumin mata ne, Dikko bai hana ba bai kuma ce a kawo ba. Kawu ya ce da huɗu ma a kunna wuta. An kira uku cikin mata shida. Hasiya na ciki. Har yanzu ba ta gaishe ni, ni ma ban fasa ɗauke kai ba.

Gonar Jaye ta tafi, ciyawa ta cinye ta. Wannan ba jarkar da za ta maido shi.

Talata, 5 ga Agusta

Jarka bakwai. Ɗantala na nan da halinsa, jiya ma ya sa wata ta yi sabon bokal, wai yanzu ruwa muke ƙarawa. Zan gamu da shi, ba a shafi ba.

Na bi Malam Isma'ila karɓo nono, don in tabbatar da tsabtar jarkoki kawai. Hantsi ya faɗo kan garken, Jaye na tatsa, ɗan maraƙi na tunkuɗar ta. Irin hoton da ke tara dubbai. Wayar na cikin jakata. Caji ne bai da yawa, shi ya sa. Dikko ya wuce da sandarsa a kafaɗa, ya ce sannu ɗiyata. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Da muka dawo Kawu na tare da wani baƙo mai son kai kayanmu Tasawa. Ya nuna ni ya ce ga mai kula da sunan gidan nan. Baƙon ya tambaye ni mabiya nawa muke da su yanzu a shafi. Na san adadin, da safe na duba. Sai na ji bakina ya ce, "Alhamdulillahi, suna nan yadda Allah ya bar su."

Malam Isma'ila ya juya baya yana gyaran igiyar da ba ta kwance ba. Suɓutar baki ce kawai.