Na Taɓa Saitin Malam Yidana

Anti Zakiya, don Allah ki taimake ni, kwana goma sha biyu ke nan abinci ba ya mini daɗi.

Ina aikin kwamfuta a wani ƙaramin asibiti a unguwar Kalpohin nan Tamale, ƙarƙashin Malam Yidana. Anti, ban taɓa ganin mai hannu irin nasa ba. Sabarmu, babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan marasa lafiya, shi ya tsara mata komai. Manhajar da ke girka sauran manhajoji ya yi mata saiti: ba za ta girka ko ta goge komai ba sai ta tambaya, ba za ta ɗauko sabon salo ba sai wanda ya gwada da kansa. A cikin fayil ɗin saitin, a saman kowane layi ya rubuta dalili da kwanan wata. Ranar Juma'a kuwa ko za ka yi kuka ba ya girka komai, wai ba zai bar masallaci ya zo jinyar inji ba.

Ni kuma tambayar nan ta ishe ni. Ran nan ya tafi suna Zogbeli, na buɗe fayil ɗin na mai da shi ya riƙa amsa "e" da kansa. Washegari na girka wani ɗan abu, ashe ya ja sababbin manhajoji ya share tsofaffi. Kwamfutar ɗakin magani ta tsaya cak, mata da goyo suka cika baranda har azahar. Ya zo a babur, minti arba'in ya gyara, ya ɗora wa kansa laifin a gaban likita. Ko kallona bai yi ba.

Yanzu zai koma Yendi wajen mahaifiyarsa, kuma sunana ya bayar in gaje shi. In na faɗa, ina tsoron ya janye. In na yi shiru, kunya za ta kashe ni.

Mai Nauyin Zuciya, Sabonjida

'Yata, sannu. Tsoronki ba shirme ba ne, aiki a Tamale ba a tsintarsa a hanya. Amma ki sani sabar tana rubuta sunan duk wanda ya shiga cikinta da lokacin da ya shiga. Wanda ya gyara ɓarnar cikin minti arba'in ya riga ya karanta wannan. Ya sani sarai, kuma bayan ya sani ne ya ba da sunanki.

Ya rufa miki asiri gaban likita, Allah Ya saka masa. Sai dai shirunsa ma da gyara, don ya bar ki da kaya ke kaɗai.

Gobe ki same shi kafin a fara ganin marasa lafiya. Ki faɗa a taƙaice, ban da kuka, ban da kame-kame. Sannan ki roƙe shi ku bi fayil ɗin layi-layi, duk inda ba ki gane dalili ba ki tambaya, tun yana kusa. In ya janye sunanki, kin rasa kujera, kin tsira da malami. Amma ni a ganina ba gwanintarki yake jira ya gani ba, wannan ya daɗe da gani. Jira yake ya ga ko wadda zai bar wa bayanan marasa lafiya za ta iya cewa "ni ce".

Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya, Ya kai Malam Yendi lafiya.