Kukumar Dawuda Mai Waƙar Noma

Tudun Gawo, ƙasar Gumel

Ƙanwata Nuriyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa gare ki da mahaifiyarki Hajiya Jawahir, ina ƙara mana ta'aziyyar Baba. Allah ya ji ƙansa.

Tun da aka ji rasuwarsa, gidan rediyo ba ya wuni bai sa waƙoƙinsa na noma ba. A kasuwa, a mota, a gona, ko'ina Dawuda Mai Kukuma. Ke haifaffiyar Makka ce, ba ki san nauyin sunan nan ba: duk wanda ya taɓa riƙe fartanya a ƙasarmu ya haddace waƙarsa. Amma mutumin da ya tuba shekara ashirin da takwas bai kamata a bi shi da kiɗa ba. Zan je in nemi su daina. Dattawa sun ce sai da shaidar wanda ya zauna da shi, don haka ki rubuto cewa ya bar waƙa, ya yi nadama.

Ki huta lafiya.
Yayanki, Abdulwasi'u

Zahir, Makka

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ummi na gaishe ka, Allah ya ba mu haƙuri.

Takardar da kake so ba zan rubuta ba. Hausata ta tsakar gida ce, amma ina jin "a'a" ɗina zai isa yadda na aiko shi. Abuya, mahaifinmu, ya cika da kalmar shahada, ni na ɗiga masa zamzam a baki. Nadamar waƙa kuwa, wallahi ban taɓa jin ta ba. Kukuma ce babu a hannunsa, bakinsa bai yi shiru ba. Bayan kowane hajji, idan suna sharar Muzdalifa da mutanen Damagaram da na Katsina, shi ke ba da waƙa suna amsawa, tsintsiya na tafiya kamar a gonar gayya. Ranar zaman makoki leburori suka zo tun daga unguwar Jarwal suka cika mana layi. Wani tsoho ya ce da waƙar Abuya ya noma geron aurensa. Su zan kalla in yi ƙarya? Khalas, ba zan yi ba.

Ƙanwarka, Nuriyya

Tudun Gawo

Nuriyya,

Gaisuwa. Na ga amsarki, ban ji daɗinta ba. Ba da ka nake magana ba. Shekara biyu da tafiyar Baba, kafin a haife ki, ya aiko da kukumarsa ta hannun marigayi Alhaji Mahmudu, naɗe a farin ƙyalle. A zaure aka buɗe ta gaban dattawa, Alhaji ya ce, "Dawuda ya ajiye." A wurinmu, makaɗin da ya ga Ka'aba ya maido da kayan kiɗansa gida ya tuba ke nan. Ina da shekara sha biyar. Na iya duk waƙoƙinsa, ranar na kulle bakina, har abokai suka daina kirana ɗan maroƙi. Kukumar na rataye a rumbu, ban taɓa ta ba don girmama shi. Kada ki koya mini ubana.

Wassalam.
Abdulwasi'u

Zahir

Yaya,

Salam. Na karanta wa Ummi wasiƙarka, ta daɗe tana kuka. Ita ta naɗe kukumar da hannunta. Abuya ya ce mata a nan ba shi da wurin kaɗa ta, kuma yadda ubansa ya miƙa masa ita, shi ma ga magajinsa zai miƙa. Gadonka ya aiko maka. Bai iya rubutu ba, kuma kai ɗan fari ne, ko sunanka ba ya faɗa don kunya, balle ya ce wa Alhaji Mahmudu "ka kai wa ɗana". Ya ɗauka abin a fili yake.

Duk shekara, in alhazan garinku suka zo, sai ya sa jallabiyarsa mai kyau ya je masaukinsu. Ya yi ta zagaye da zancen damina, sannan ya ce, "Yaron nan fa, ya taɓa ta kuwa?" Su kuma su ce, "Kwantar da hankalinka, Alhaji, ko kallonta ba ya yi." Ya dawo ya kasa cin abinci. Ya mutu yana zaton ƙyamar sana'arsa kake yi. A waya kuwa na sha jin ku: lafiya, ya gida, ya ruwa, sai an jima.

Haushinka nake ji, Yaya, da nasa, da na alhazan nan masu kirki. Ka je rediyon in kana so, amma ba da sunana ba. In suka daina, kaset goma sha ɗaya ya bari a nan, na sabbin waƙoƙi, da kaina zan raba wa duk mai komawa gida.

Allah ya kiyaye ka.
Nuriyya

Tudun Gawo

Ƙanwata,

Salam. Ban je rediyo ba. Dattawa sun aiko sau biyu kan maganar, na ce su bar ni.

Na sauko da kukumar jiya. Fatar ta tsage, kuma hannuna bai san inda ake riƙewa ba. Ki tambayar mini Hajiya: da wace waƙa ya ce ubansa ya fara koya masa?

Yayanki, Abdulwasi'u ɗan Dawuda Mai Kukuma